Kisfewar Rana Daga Tagar Jirgin Sama

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore rana da wata, kowane yana tafiya a kan ƙaddararren lokaci, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke sayen tikitin jirgin sama ba don wata buƙata da suke da ita a garin da jirgin ya nufa ba. Kusufin rana suke so su tara a hanya. A ranar 8 ga Maris 2016, kamfanin Alaska Airlines ya jinkirta tashin jirginsa mai lamba 870, daga Anchorage zuwa Honolulu, da minti 25, bisa shawarar wani masanin taurari mai suna Joe Rao, domin jirgin ya yi kiciɓis da inuwar wata a saman Tekun Fasifik. Haka kuwa aka yi, fasinjoji suka ga cikakken kusufi na ƙasa da minti biyu. A ranar 8 ga Afrilu 2024 ma kamfanin Delta ya tsara jirage daga jihar Texas zuwa Detroit don wannan manufa.

Hikimar hawa sama a fili take. A ƙasa gajimare ɗaya ya isa ya ɓata wa mutum shirin shekaru, shi kuwa jirgi a saman gajimare yake tafiya. Sannan na ƙasa duhu kawai yake ganin ya sauko masa, amma wanda ke nisan kilomita goma ko fiye a sama yana hango inuwar kanta tun daga nesa, tana tahowa a kan gajimare kamar hadarin gabas, sai dai ba iska ba ƙara. Idan ta rufe shi, gefen sararin sama ta kowace fuska sai ya yi ja irin na almuru, rana kuma ta koma baƙin faifai da farin haske kewaye da shi.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, mafi shahara daga irin waɗannan tafiye-tafiye a samaniyar maƙwabtanmu aka yi ta. Ranar 30 ga Yuni 1973, jirgin Concorde na gwaji, matuƙinsa Bafaranshe André Turcat, ya tashi daga Las Palmas ɗauke da masana, ya shiga inuwar wata a saman Muritaniya, ya bi ta ta Mali da Nijar da gudun da ya ninka na sauti sau biyu, ya sauka a Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu. Sai da aka huda rufin jirgin aka sa tagogi, saboda rana a tsakar ka take. Minti 74 suka yi cikin duhun kusufi, alhali Buzun da ke kan raƙuminsa a arewacin Nijar bai samu fiye da kimanin minti bakwai ba. Duk da wannan gudu, daga ƙarshe inuwar ta yi gaba ta bar su.

Mu namu rabon ya zo ne ranar Laraba 29 ga Maris 2006, wajen ƙarfe goma da rabi na hantsi. Hanyar cikakken kusufin ta fito daga Gana da Togo da Binin, ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, ta nufi Libiya da Turkiyya. Mu da ke kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da duwatsun Riruwai a Doguwa, muna gefen hanyar, don haka ranarmu ba ta rufe ruf ba, ɗan siririn lauje ya rage. Ina ɗalibi a lokacin. Na tuna yadda zafin bazara ya yi sanyi a hankali, hasken ya koma kamar wanda aka surka da toka, kuma hasken da ke ratsowa ta ganyen darbejiya ya zuba a ƙasa a siffar ƙananan jinjirin wata, ɗaruruwa. Abin da ya ƙara wa tsofaffi fargaba shi ne ranar ta dace da Larabar ƙarshen Safar, wadda ake kira Larabgana, ake camfa ta da saukar bala'i. Wasu suka kulle yara a ɗaki, wasu suka fito da kwanon ruwa suna leƙen rana a ciki, wanda shi ma yana iya cutar da ido. Malaminmu kuwa ya ce a yi alwala a nufi masallaci.

Ya ja mu raka'a biyu, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ba kiran salla ba iƙama, karatu a asirce kuma mai tsawo, kamar yadda muka karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid. Ƙafafu suka yi sanyi don tsayi. Ko da muka sallame gari ya soma washewa. Ke nan mafi yawan abin da mutane suka fito kallo ya wuce muna fuskantar alƙibla.

Wannan bambanci ne yake yawan dawo mini idan na ga hotunan fasinjojin can suna tafi da sowa a bakin taga. Tambayar da ɗalibaina na Islamiyya, musamman masu karatun kimiyya a sakandare, suke yi mini ita ce: Malam, abin da aka san ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, har kamfani ya sayar da tikiti a kansa, ina abin tsoro a cikinsa? Tambaya ce mai nauyi, kuma tsawa ba ta amsa ta. Yaron da aka ce masa kusufi fushin Allah ne saboda zunubin mutanen gari, sannan ya buɗe waya ya ga jadawalin kusufin shekara ɗari masu zuwa, ba jadawalin zai tuhuma ba.

Addini ma bai ce mu faɗa masa haka ba. Rana ta kisfe a ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallama ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Uba ne a cikin baƙin cikin rashin ɗansa, kuma maganar girmama shi ake yi da ita, amma bai bar ta ta kwana ba. Ya bayyana musu, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su kisfe, Allah Yana tsoratar da bayinSa da su, kuma idan an gani a yi salla da addu'a da kabbara da sadaka. Da an riƙe wannan, da ba a camfa Larabgana ba, da kuma matasa ba su far wa otal-otal a Maiduguri ba a daren husufin wata na Janairu 2001, suna ɗora laifin a kan wasu, alhali umarnin da ya zo shi ne kowa ya nemi gafarar nasa.

Malamai magabata ba su ga karo tsakanin lissafi da tsoro ba. Ibnu Taimiyya ya yi bayanin cewa kusufi yana da lokutan da Allah Ya gudanar da al'ada a kansu, ana sanin su da lissafi, kuma wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce, sai dai salla ba a yin ta sai an gani. Ibnu Daƙiƙil Idi ma ya ce abin da masu lissafi ke faɗa bai kore tsoratarwar ba. Mu ma mun san damina za ta zo a lokacinta, wannan bai hana gaban manomin Tudun Wada faɗuwa idan aradu ta tsage a kan gonarsa.

A ganina ma lissafin ƙara wa abin nauyi yake yi. Faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta daga gare mu kuma ya ninka nasa kusan sau 400, shi ya sa ƙaramin yake rufe babbar daidai wa daida. Fasinjan da ke bakin taga ya fi kowa ganin hujja: yana cikin ƙarfe mai gudun kilomita 900 a awa, inuwa ta taho ta bayansa ta haye shi kamar yana tsaye. Ban ga laifin kallo ba idan an kare ido da tabarau na musamman, domin an umarce mu da duba cikin halitta. Abin da nake ji wa tsoro shi ne mu aro tafin, mu bar kabbara.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan mas'ala ce ta Turawa kawai. A lissafin masana, hanyar cikakken kusufin ranar Litinin 2 ga Agusta 2027, ƙarshen Safar 1449, ta ratsa Luksor a Masar, ta tsallaka Bahar Maliya ta bi ta Jidda da Makka, inda duhun Makka ya kai kimanin minti biyar, bayan ƙarfe ɗaya na rana agogon can. Sararin da jiragen Umara daga Kano ke saukowa ta cikinsa ke nan. Wanda abin ya riska a sama da wuya ya ga faifan rana, domin tana can bisa kansa, tagar jirgin fasinja kuma a gefe take. Inuwa zai gani, da jan gefen sama, da duhun da zai cika jirgin da tsakar rana. Wannan ya ishe shi ya yi kabbara da istigfari a kujerarsa, ya ƙudurta sadaka. Idan ya sauka rana ba ta gama yayewa ba, wanda yakan ɗauki fiye da awa guda, sai ya tarar da mutanen ƙasar suna salla ya bi su, ko da yake mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne lokacinta yana ƙarewa da zawali, sauran mazhabobi kuwa suna yin ta bayansa.

Wallahu a'alamu.