Rumbun Da Ya Zama Gida

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da ya same ni a Ingila, inda neman abinci ya kai ni.

Gidan da nake zaune a wani ƙauye na ƙasar Cotswold asalinsa rumbu ne. Rumbunsu ba irin namu ba ne, wani dogon zaure ne na dutse mai manyan ƙofofi biyu suna duban juna, don amalanke ta shiga da dammuna, in kuma an buɗe su duka iska ta ratsa a yi shiƙa a tsakiya. Wanda ya riga ni shi ya mai da shi gida, ya sa ɗakunan kwana duk a bene.

To, da mahaifiyata ta zo zama wurinmu, ciwon gwiwa ya hana ta hawa. Na ce abu mai sauƙi, in fasa bango in ƙara mata ɗaki, in huda tagogi uku. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Tun 1967 aka yi doka ta keɓe wuraren da ba a sake kamanninsu sai da izni, garin Stamford ne na fari, ƙauyenmu kuwa yana cikin irinsu. Ko itacen tsakar gida ba a sarewa sai an ba da sanarwar mako 6. Rumbun kansa kuma yana cikin littafin tsofaffin gine-gine, wanda duk ya taɓa shi ba izni sai kotu.

Majalisar gunduma ta ƙi zanena. Ma'aikacinta ya ce ba a san rumbu da yawan tagogi ba, in na huda su ba mai ƙara gane abin da yake a da. Wallahi na ji haushi, ga tsohuwa tana kwana a falo bayan labule. Sa'an nan aka ce wataƙila da jemagu a rufin, su ma dokar 1981 ta tsare su, ba a ƙidayarsu sai daga watan Mayu. Jemage ya ja wa Hajiya jira!

Magini ne ya kashe mini baki. Ya kai ni bangon yamma, ya sa yatsa, dutse ya marmashe kamar gari. Ya ce wanda ya riga ni da siminti ya liƙe tsakanin duwatsun, alhali da kwaɓin farar ƙasa aka gina shi. Farar ƙasa tana barin laima ta fita, siminti kuwa tsare ta yake yi, sanyi ya zo ruwan ya daskare ya fasa dutsen. Sai na tuna gidanmu na ƙasa da muka yi wa shafen siminti, bayan 'yan damuna ya ɓamɓare da rabin bangon. Na yi shiru, na biya aka kankare.

Daga baya aka yarda in gina ɗaki a baya, wanda bai kai rumbun tsawo ba, a haɗa su da ɗan lungu na gilashi ta wata tsohuwar ƙofa, ba a fasa ko dutse ɗaya ba. Na yarda ya fi zanena kyau. Amma har gobe ina ganin wata 11 ya yi wa tsohuwa yawa. Ta tare ran Juma'a, ta dubi lungun nan ta ce wa zai riƙa goge shi?

Wassalam.

Naka,
Wani Mai Karatun Jaridarka