Turba: Ba Kowane Ƙarfe Ne Na 'Yan Gwangwan Ba

Mai zuwa Turba daga Sakkwato, ko dai ya zagaya ta Goronyo da Sabon Birni, ko ya ratsa dajin Gundumi ya faɗo Isa. Ƙasar Gobir ce, gero a tudu, albasa a fadama. Kufan Alkalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana nan kusa da Sabon Birni. Yaƙin wancan zamani kibiya da mashi ya bari a ƙasa, tsatsa ta cinye su. Na yau ba haka yake ba.

Shekarun nan jiragen yaƙi sun sha ruwan wuta kan maɓoyar 'yan bindiga a dazukan da ke tsakanin Isa, Sabon Birni da Shinkafi, kuma ba kowane bam ne ke tashi idan ya faɗi ba. Wani sai ya nutse cikin rairayi, ya yi damina biyu ko uku, kafin ruwa ya tono shi ko garma ta ci karo da shi. Tsatsar jikinsa ba ta hana shi tashi.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai, uwargida, cinikin 'yan gwangwan ne. Ƙarfe yanzu a sikeli ake sayensa. Yaron da ya fita kiwo ya tsinci mai nauyi, kuɗin awara yake gani.

Share irin wannan fili kuwa aiki ne na haƙuri. Masu kwance bam kan ja igiya su raba wurin layi-layi, su bi da na'urar gano ƙarfe taku bayan taku, su tona a hankali ta gefe. Wanda ba ya ɗaukuwa, a nan inda yake suke tarwatsa shi. A barikin Ikeja da ke Legas, rumbun makamai ya fashe ranar 27 ga Janairu, 2002. A 2023, bayan shekara 21, sojoji suka sake bin wurin suka kwaso sama da 600 da ba su tashi ba. Cikin gari ke nan fa, balle daji.

Kafin irin wannan aiki ya iso gonakin Turba, ki faɗa wa yaro tun yana shan koko: kar ya taɓa, kar ya jefe shi, kar ya sa masa wuta. Ya koma ta kan sawunsa, ya gaya wa babba, babba ya kai wa mai unguwa, shi kuma ya kira jami'an tsaro.