Fitila da Rana Tsaka

A ƙasar Hausa, idan direba ya taho da fitilun motarsa a kunne da rana, sai mutanen bakin hanya su riƙa ɗaga masa hannu, suna buɗe yatsu suna rufewa, wai suna tuna masa ya yi mantuwa. Wani ma har dariya yakan yi, ya ce, "Ina amfanin fitila, ga rana ta take?" To, sau da yawa ba mantuwa ba ce. Fitilar mota aiki biyu gare ta. Da dare tana haska wa direba hanya domin ya gani. Da rana kuwa tana nuna motar ga sauran jama'a domin su gan ta.

Dalilin haka yana cikin halittar ido. Ido yakan yi saurin ganin abin da ya bambanta da wurin da yake. Farar tunkiya a cikin baƙaƙen awaki ba ta ɓoyuwa, amma fakara idan ta lafe a cikin busasshiyar ciyawa, sai mutum ya kusa taka ta bai gan ta ba. Haka mota take. Idan launinta toka-toka ne, ko kuwa ƙura ta rufe ta, daga nesa takan saje da kwalta. Ga kuma kawalwalniya da ke rawa a kan hanya lokacin zafi, tana ruɗin ido. Amma da an kunna fitila, sai motar ta fito fili tun tana can nesa.

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk da haka, kimanta gudun mota yakan ba shi wuya. Ga lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya takan ci kusan mita 28 a cikin sakan guda. Idan motoci biyu sun fuskanci juna da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu takan ragu da mita 56 kowane sakan. Tsawon filin ƙwallo wajen mita 100 ne. Watau kafin yaro ya ƙirga "ɗaya, biyu," sun cinye filin duka sun haɗu. Saboda haka direban da ya hango wata mota da sakan ɗaya kacal kafin lokacin da zai gan ta in babu fitila, ya sami damar taka birki, ko ya fasa wuce babbar motar da ke gabansa. Wannan ɗan sakan shi ne wani lokaci yakan raba mutum da makabarta.

Mutanen arewacin Turai su ne suka fara mai da wannan dabara doka. Ƙasashensu suna can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, inda da damuna rana takan daɗe ba ta faɗi ba, da sanyi kuwa takan leƙo kaɗan ta koma. A garin Kiruna na ƙasar Suwidin, a cikin watan Disamba, akan yi makonni rana ba ta fito ba sam. A shekarar 1972 ƙasar Finlan ta umarci direbobi su kunna fitila da rana lokacin sanyi a hanyoyin karkara. A 1977 Suwidin ta ce a kunna kullum, rani da damina. Kanada kuwa, tun daga Disamba 1989, ta wajabta a ƙera sababbin motoci da fitilun da ke kama kansu da zarar an ta da inji. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2011 game da sababbin samfuran ƙananan motoci. A 2017 Indiya ta sa irin wannan doka a kan sababbin babura, gama babur siriri ne, ya fi mota wuyar gani.

Mai karatu zai ce, ai ƙasar Hausa ba ta rasa rana ba. Gaskiya ne, amma tana da nata duhun. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a sararin Kano da Katsina da Damagaram. Ran da hazo ya yi kauri, rana takan zama kamar farin faifai, har jiragen sama su kasa sauka. Da damina kuma ga hadari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A irin waɗannan ranaku, motar da ba ta kunna fitila ba kamar ɓarawo take, sai ta iso ake sanin zuwanta.

Waɗansu direbobi suna tsoron kada fitila ta cinye batir. Muddin inji yana aiki, shi ke cika batir, sai dai a tuna a kashe fitilar idan an tsaya. Abin lura kuma shi ne, ƙaramin haske mai duban ƙasa ake kunnawa. Babban haske mai kai wa nesa yakan kashe idon mai tahowa, a cikin hazo kuwa ƙura takan maido shi cikin idon direban kansa. Har wa yau, fitilun nan masu kama kansu galibi na gaba ne kaɗai. Idan hazo ya sauka, wajibi ne direba ya murɗa makunni, domin jajayen fitilun baya su kama, na bayansa ya gan shi.

Yaro ɗan makaranta fa ba shi da fitila. Tasa fitilar ita ce hankalinsa. Tun shekarar 1972 motoci a Nijeriya suke bin hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijar. Don haka mai tafiya a ƙasa sai ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke tahowa. In zai ƙetare, ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, ya kuma kasa kunne. Kada ya ɗauka cewa tun da ya ga mota, direba ma ya gan shi. Ran hazo, gara ya jira motar ta wuce, ko da za a buga ƙararrawa bai kai makaranta ba. Wanda ya makara yau zai iya sammako gobe.