Ba Laifin Ƙasa Ba Ne

Mu mutanen zangunan arewacin Ghana ba za mu manta da damunar 2007 ba. A unguwarmu ɗakuna suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, har iyalai suka koma kwana a azuzuwan makarantar da muke koyarwa. Da ruwa ya janye, sai muka ce mun bar ginin ƙasa ke nan. Mai dabba ya sayar, maras ita ya ci bashi, muka sayi bulo da kwano.

To, yau ga mu a cikinsu. Watan Maris na kamawa ɗaki ya zama tanda, yara su zo aji da barci a ido. Wasu gidajen kuwa har yanzu sun tsaya iya taga, don kuɗin siminti ya fi ƙarfin masu su.

Tun a lokacin wani dattijon magini ya ce mana ba ruwan sama ne ya kayar da bangon ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne. Ba harsashin dutse, kwata ta toshe, yaɓen shekara kuma an daina. Ba mu saurare shi ba.

Ashe gaskiyarsa. Ku dubi masallacin Larabanga. Da aka shafe shi da siminti, sai danshi ya maƙale a ciki, ginin ya fara lalacewa. Sai da aka kankare simintin, aka koma yaɓen ƙasa, sannan ya samu lafiya. Ku dubi kuma ƙauyen Gando a maƙwabciyarmu Burkina Faso. A 2001 Francis Kéré da mutanen garinsa suka gina makaranta da tubalin ƙasar wurin, wanda aka ɗan gauraya da siminti aka matse. Suka ɗaga rufin kwanon sama da silin don iska ta ratsa, suka faɗaɗa bakinsa don ya kare bango daga ruwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya.

Mu dai kunya ce ta kai mu, kada a ce gidan wane na ƙasa ne. Yanzu ƙannenmu da ɗalibanmu na dā sun isa yin gini, kuma hanyarmu suke shirin bi. Shawararmu gare su ita ce su sa ɗan simintinsu a harsashi, su ɗaga shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, bango kuma su yi na ƙasa. Mu kuma mu dawo da gayya, ko ta yashe kwata ce kafin damuna, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba kowa muhallin da zai kwana a ciki ba zafi ba bashi. Amin.