Tela Ba Allura

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata 'yar magana ce da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, a kan tufafin da marubuta suke sanya wa mutanen cikin littattafansu.

Duk wanda ya karanta littattafanmu na soyayya tun daga shekarun 1990 ya san yadda abin yake. Da zarar an zo babin lefe sai marubuci ya gyara zama: akwati saiti biyu, atamfa Super kaza, Holan kaza, shadda Getzner, leshi, mayafai, takalma da jakunkuna, kowanne da kuɗinsa a gefe kamar rasit ɗin Kantin Kwari. Jaruma kuwa in za ta fito wajen saurayi, sai a ce ta ci ado cikin wani tsadadden leshi, ɗinkin ya zauna mata ɗas. Shi ke nan an gama. Ba ka san wuyan rigar ba, ba ka san hannunta ba, ba ka san ko yadin mai nauyi ne ko sakayau ba. An gaya maka kuɗin kaya, amma kayan ba a nuna maka su ba. A zamanin da muke kai littattafai kasuwa, wani mai sayarwa ya taɓa duba wani littafina ya ce, "Hajiya, lefen nan ya yi kaɗan, 'yan mata ba za su saya ba." Ban ga laifinsa ba, shi ciniki yake dubawa. Na dai bar lefena yadda yake.

Abin da ya taso mini da maganar nan shi ne wani wasa da ɗan yayana yake yi. Yaron ɗalibi ne, in an yi hutu yakan zo mana Kura. Sai na lura kullum yana duƙe a kan kwamfuta yana ta buga rubutu, allon baƙi wuluk, babu hoto ko ɗaya, babu kiɗa, sai layukan Turanci suna ta hawa sama. Na ce, "Kai kuma littafi kake rubutawa ba ka gaya wa gwaggonka ba?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Gwaggo, ɗinki nake yi."

To, ga yadda ya fahimtar da ni. Akwai wasu wasanni na intanet da ba su da hoto, komai da rubutu ake yi. Tun a 1978 wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya fara irinsu a Jami'ar Essex ta Ingila, abokinsa Richard Bartle ya ci gaba da aikin, suka sa wa nasu suna MUD. Daga baya aka yi ta ƙirƙiro wasu, kamar Achaea da aka buɗe a 1997. Mutum zai shiga ya zaɓi suna, sai a rubuto masa cewa ga shi a tsakiyar kasuwa, gabas da shi maƙera, yamma da shi masaƙa. In ya rubuta "gabas" sai ya tsinci kansa a maƙera. Sauran mutanen da yake haɗuwa da su a ciki mutane ne na gaske, wani a Amurka, wani a Jamus, kowa yana bugawa daga ɗakinsa. Wasu su zama mayaƙa, wasu fatake, wasu kuma su kama sana'a. Shi nawa yaron ɗinki ya kama.

Abin da ya ba ni sha'awa, ba a wayar gari a zama tela a wasan nan. Sai ka nemi yadi da zare da allura da almakashi, duk a rubuce, ka fara da ƙananan abubuwa, ka ɓata yadi ka yi asara, gwanintarka tana hawa kaɗan-kaɗan, har ka kai matsayin da za a yarda ka fitar da samfurin kanka. A nan ne aikin yake. Tunda babu hoto, rigar ba ta da wani jiki sai kalmomin da ka ba ta. Za ka rubuta yadda take in an hange ta, da yadda take in an yar da ita a ƙasa, da yadda take in mutum ya ɗauka ya ƙare mata kallo. Sannan akwai masu dubawa, in bayanin bai yi ba su dawo maka da shi. Ya ce mini ba a yarda ka rubuta cewa riga tana da kyau ƙwarai, mai kallo ya ji ta burge shi. Sai dai ka faɗi abin da ido zai gani, shi mai karatu ya yanke wa kansa hukunci. Na ce a raina, ina ma a ɗauko masu dubawar nan a ajiye mana su a bakin Kasuwar Sabon Gari.

Wannan hawa mataki-mataki kuwa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa shagon tela ya san cewa yaro zai yi watanni bai taka keke ba. Shara, sayo zare, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, kalmasa. Daga nan a ba shi ƙyallaye ya koyi miƙe layi, sai wandon yara. Yanka shi ne na ƙarshe, domin almakashi ba ya dawowa baya, kuma babu maigidan da zai miƙa wa sabon yaro shaddar mutane ana saura kwana uku Sallah. Bambancin kawai, in yaron shago ya ɓata yadi zai sha faɗa, wataƙila har da rankwashi, shi kuwa nawa telan sai dai ya yi tsaki ya sake bugawa.

Wata rana ya same ni a tsakar gida ya ce, "Gwaggo, so nake in yi wani abu da babu wanda ya taɓa yi a wasan nan. Rawani nake so, irin namu. Yaya zan kwatanta shi?" Na ce, "Wane irin rawani? Harsa ko ɗan Kura?" Sai ya tsaya yana kallona. Yaron da uban da ya haife shi ɗan garin nan ne, bai san cewa akwai rawanin da ake kira da sunan garinsu ba.

Ban yi mamaki sosai ba. Wanda ya biyo hanyar Zariya daga Kano ya iso Kura a yau, abin da zai gani shi ne shinkafa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, aka jawo ruwa ta kanal-kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ta koma ta noman rani: shinkafa, tumatir, alkama, albasa. Injinan casa suna ta ruri, matan gari suna ta turara shinkafa, manyan motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan. Alhamdu lillahi, mun ci arziƙin ruwan nan, da shi aka yi mana kuɗin makaranta, ba zan raina shi ba. Amma kafin shinkafa, da shuni aka san Kura, tun daga nan har cikin Sahara. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda rinannen tufafin ƙasar Kano yake kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Kuma baƙin rawanin nan mai walƙiya da Buzaye suke naɗawa su rufe fuska, wanda yake zuba a fata har ta yi shuɗi, mafi darajarsa daga garin nan yake fita.

Na ce ya ɗauko takarda da biro mu je wajen Kawu, ƙanen kakarsa, wanda ya yi ƙuruciyarsa a karofi da ɗakin bugu. Mun same shi a zaure. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, sai da ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wato yanzu a cikin akwatin nan za a naɗa ɗan Kura? To zauna, ɗan nan."

Mai karatu, ban taɓa jin Kawu ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Daga auduga ya faro. Mata su gurje ta su fitar da angurya, su yi shiɓa, su ɗauki mazari su yi kaɗi suna dangwala alli a yatsa. Zaren turkuɗi ba kowace mace take iya shi ba, sai mai siririn hannu, domin in ya yi kauri ya zama abawa, sai dai a yi gwado. Daga nan masaƙi ya yi wadari, ya zauna a masaƙa yana jefa ƙoshiya, ƙwaryar da yake fitarwa faɗinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Waɗannan siraran ƙore su ake jerawa da yawa a haɗe su gefe da gefe da allura, ɗinkin da in bai yi laushi ba za a gan shi bayan bugu. Ya ce a nan ake gane tela, domin aikinsa mai kyau shi ne wanda ba a gani.

Sai rini. Ramin karofi ya fi tsayin mutum zurfi, a zuba ruwa da baba da toka da katsi, a yi ta motsawa da muciya kwana da kwanaki har ya nuna. Yaron ya ce, "Kawu, yaya ake gane ya nuna?" Ya ce da kumfar da take tasowa, da wari, wani ma har ɗanɗanawa yake yi. In aka tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, har ya yi baƙi. Bayan nan a kai wa 'yan bugu. Su shimfiɗa shi a kan gungume, su barbaɗa garin shuni da ɗan maiƙo, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna suna sauke masa itace bi da bi, har sai ya ɗauki walƙiya kamar bayan ƙwaro. A ninke shi tsaf, a naɗe a takarda, kada hannu ya ɗebe masa ƙyallin kafin ya isa Agadas.

Na tambaye shi abin da ya rage sana'ar, don na san wasu ruwan Tiga kaɗai suke ɗora wa laifi. Ya ce ruwa ya ja samari gona, gaskiya ne, domin kuɗin tumatir a wata uku yake zuwa. Amma akwai yadin kanti mai araha, akwai shunin Bature da ake kaɗawa a baho a gama rini a yini ɗaya. Sannan farin da aka yi a 1973 da na 1984 ya kashe wa Buzaye dabbobi, mai sayen rawani kuwa da raƙumi da akuya yake saye. Har yanzu akwai masu yi a garin, sai dai ba kamar da ba.

Abin da na lura da shi, a cikin maganar Kawu ta kusan awa biyu bai ce rawanin nan yana da kyau ba ko sau ɗaya, bai kuma faɗi kuɗinsa ba. Amma ina zaune ina ganinsa. Na ji nauyinsa, na ji ƙamshin shunin, na ga shuɗin da zai bari a goshin mai shi. Wannan fa tsoho ne da bai taɓa karanta littafin hikaya ba.

A ganina abin da ya sa bayanin tufafi yake fitowa fayau a yawancin littattafanmu ke nan. Ba ƙarancin basira ba ne, marubutanmu mata da maza sun iya zance, sun iya tsara rikicin kishiyoyi har mutum ya manta da tukunya a wuta. Kalmomin ne babu, su kuwa kalmomin a hannun masu sana'a suke. Wanda bai taɓa tsayawa a kan mai ɗinkin hannu ba, ina zai san aska biyu da aska takwas, ko kwaɗo da linzami, ko shafi, ko wundiya? Sai ya ce Alhaji ya sha babbar riga ta naira dubu kaza. Alhali da zai ce shafin rigar ya fara cin baki, an kuma juya wuyan an sake ɗinke shi, da ba sai ya gaya mana cewa karayar arziƙi ta fara taɓa Alhaji ba. Da mai karatu ya gane da kansa, ya kuma fi jin tausayinsa.

Yaron ya kwana uku yana fama da rawaninsa. Matsalar da ya ci karo da ita, Turancin da zai ɗauki "turkuɗi" da "bugu" da "ƙwarya" bai samu ba, sai ya riƙa zagayawa yana bayani, wurin da aka ba shi kuma ɗan kaɗan ne. Ya karanto mini yana fassarawa: baƙin rawani na siraran ƙore da aka haɗa da hannu, mai ƙyallin ƙarfe a inda ya ninku, gefensa ya ɗan dushe inda yatsu suke kamawa. Na ce ya ƙara cewa yana barin shuɗi a fatar wanda ya naɗa. Masu dubawar suka dawo masa da shi sau ɗaya saboda wani waƙafi, a karo na biyu suka karɓa. Ya ce wani ɗan wasa ya saya, har ya tambaye shi ko shi ya ƙirƙiro irin wannan yadi.

Da ya kai wa Kawu labari, tambaya ɗaya ya yi masa: "Ƙwarya nawa ka sa?" Yaron ya ce bai faɗi adadi ba. Kawu ya girgiza kai ya ce ai Buzu kafin ya taya sai ya ƙirga.

Takardar da ya yi rubutu a kanta ranar tana wajena, na hana shi tafiya da ita. Kalma talatin da ɗaya na ƙirga a ciki waɗanda ban taɓa cin karo da su a littafin soyayya ba. A labarin da nake rubutawa yanzu, kakar yarinyar makaɗiya ce, kuma cikin kayan da za ta ba ta ranar kai amarya akwai turkuɗi guda, a naɗe cikin takardarsa tun ba a haifi uwar yarinyar ba. In Allah Ya yarda za ku same shi a babi na tara.