Rayfield: Inda Iskar Jos Ke Ƙara Wa Ƙwallo Tafiya

Idan ka taso daga Abuja ta Keffi da Akwanga, a Hawan Kibo za ka fara jin kunnuwanka suna toshewa, mota tana nishi, tireloli suna jan ciki. Wannan hawan ne zai ɗora ka a kan tudun Filato, inda Jos take zaune a tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku. Kano ba ta kai rabin haka ba. Abin da galibinmu muka sani game da wannan tsayi shi ne sanyi, da dankalin Turawa, da kabeji da karas. Amma akwai wani aikin da yake yi wanda sai ka je Rayfield za ka gani: yana ƙara wa ƙwallon golf nisa.

Rayfield tana kudancin Jos, ta wajen Bukuru. Filin golf ɗinta ya samo asali tun 1913, zamanin da Turawan haƙar kuza suka cika yankin, kuma ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya fi daɗewa a Najeriya. Kakanninmu da yawa sun baro Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi sun zo ƙasar Birom aikin kuza, suna ɗaukar ƙasa a ka daga safe zuwa yamma. Ba don su aka share wannan fili ba. Har yau za ka ga sawun aikinsu a kewayen unguwar: tarin jar ƙasa, da tsofaffin ramukan haƙa da suka cika da ruwa suka zama tafkuna. Suna da kyan hoto, amma zurfinsu ba na wasa ba ne. In ka zo da yara, ka riƙe hannunsu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, cikakken wasa ramuka 18 ne, kuma kowane rami da bugun farko ake soma shi. Ana ɗora ƙwallon, wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, a kan ɗan tsinken katako ko roba da aka soke a ƙasa. A dogayen ramuka sai a zaro sandar da ta fi kowace tsawo da girman kai, wadda 'yan wasa ke kira direba. Wannan bugu ne ya fi tayar wa mutane hankali, domin shi ake yi a gaban jama'a.

To, ina ruwan tsayin gari da shi? Iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, saboda haka ba ta riƙe ƙwallo sosai. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne ƙarin kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari a kowane mita 300 na tsayi. Wato wanda yake buga yadi 200 a Legas zai samu kusan yadi 209 a Jos ba tare da ya canza komai ba. Turmi ɗaya da rabi na atamfa ke nan, kyauta. Da rani kuma ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo na sauka sai ta ci gaba da gangarawa. Sai dai kada ka yi sammako cikin hunturu kana jiran wannan garaɓasa: iska mai sanyi ta fi kauri, jikinka ma a sandare yake. Bari hantsi ya dubi ludayi tukuna.

Matsalar ita ce iskar ba ta san hanya ba. Bugun da ya karkace shi ma yana samun rabonsa, sai ya ƙara nutsawa cikin ciyawa ko tsakanin duwatsu. Shi ya sa, mai karatu, in ka shiga filin nake ba ka shawara ka ɗauke ido daga manyan mutane da jakunkunansu masu tsada, ka zuba wa samarin da ke ɗaukar musu jakar ido. Da yawan ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara. Na ga wani siririn saurayi ya karɓi sandar maigidansa don nuna masa wani abu, ya buga kamar ba ya so, ƙwallon ta wuce ta maigidan da nisa, ta kuma sauka a tsakiya.

Ka lura da abin da irinsu ke yi kafin su motsa. Tsinken yana da tsayi yadda rabin ƙwallon zai leƙo sama da kan sanda. Ƙwallon tana daidai da cikin diddigen hagu, ga mai amfani da dama. Ƙafafu sun ɗan fi kafaɗu faɗi, kafaɗar dama ta ɗan sauka. Dalilin duk wannan ɗaya ne: ana son direba ta haɗu da ƙwallo tana kan tasowa, saɓanin gajerun sandunan ƙarfe da ake bugawa ƙasa-ƙasa. Wanda ya sari ƙwallo da direba kamar mai faskare, sai ta yi sama tana juyi, ta faɗo kusa.

Sai kuma inda ƙwallon ta taɓa fuskar sanda, wanda a ganina ya fi komai. In ta samu tsakiya, tana tashi da gudun da ya kai kusan ɗaya da rabi na gudun sandar. In ta samu gefe, ƙarfin da ka zuba ya tafi a banza. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: shafa alli ko hoda a fuskar sandar, buga ƙwallo biyar, ka duba tabon. In ya warwatse, rage ƙarfi har sai ya taru wuri ɗaya, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali.

Ke kuma 'yar'uwa, kina da abin da maza da yawa ba su da shi, in dai kin taɓa daka. Wadda ta iya lugude ba ta matse taɓarya. Tana sakin ta, nauyinta da motsin ƙugu su yi aikin, kuma kowane bugu yana faɗuwa a kan lokacinsa. Haka sandar golf take so. A ɗaga ta a natse, ɗagawar ta ɗauki kusan ninki uku na lokacin saukowa, sannan ƙafa ta fara, ƙugu ya bi, ƙirji ya bi, hannu ya zo ƙarshe. In an gama, a tsaya cak a ƙafar hagu har a ƙirga uku. Duk wanda ya yi tangal-tangal ya zarce ƙarfinsa. Doguwar riga da wando da ɗankwali ɗaure tam sun fi sauƙi, don mayafi yana naɗe hannu. Ki dai tambayi ƙa'idar suturar kulob kafin ki je.

In ƙwallonka kullum tana lanƙwasa dama, kada ka juya jikinka hagu don ramawa, abin ƙaruwa zai yi. Fuskar sandar ce take zuwa a buɗe. Murɗa hannun hagu kaɗan a kan mariƙi har ka ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku in ka duba ƙasa.

Bari in sa farar rigata ta asibiti na ɗan lokaci. Ciwon ƙugu da ƙasan baya shi ne babban kukan masu wannan wasa, kuma yawanci daga fitowa mota a zaro direba kai tsaye yake farawa. Minti goma na miƙa jiki da 'yan bugu da gajeriyar sanda sun isa su kare ka. Zagayen ramuka 18 a ƙafa yana cin kusan awa huɗu da tafiyar da ta haura kilomita shida, abin da nake fatan masu hawan jini da nake aunawa kullum su samu ko rabinsa. Mai ciwon suga ya sa dabino da ruwa a jaka. Sanyin Jos yana ɓoye zafin rana, a sa hula. Da damina kuwa, da zarar ka ji tsawa ka ajiye sanda ka nufi gini, ba gindin bishiya ba.

Ana cewa wasan masu kuɗi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma ƙa'ida cewa ta yi kada jakarka ta wuce sanduna 14, ba ta ce sai ka cika su ba. Mai koyo zai daɗe da uku ko huɗu na hannu. Kuɗin da ka rage, ka kyautata wa yaron da ya ɗauki jakar, don shi ne malaminka a ranar.

Ka rubuta nisan da ka samu, amma ka tuna a ina ka same shi. In Kano za ka koma, cire kamar yadi biyar daga lissafin. In Legas ce, cire turmi ɗaya da rabin nan gaba ɗaya.