Abin da karan latas ya koya mini a Chengdu

A lardin Sichuan na ƙasar Sin akwai wani irin latas da ake nomawa don karansa, ganyen kuwa gyara ne kawai. Suna kiransa wosun. Tsawonsa yakan kai kamu guda, ɓawonsa mai tauri ne, idan aka yanka shi sai wani farin ƙaro mai ɗaci ya tsattsafo. Na koyi soya shi ne lokacin da nake karatu a Chengdu, a wurin wata dattijuwa Musulma 'yar ƙabilar Hui da muke maƙwabtaka. Ayi nake ce mata, yadda yaran can ke kiran duk wata sa'ar mahaifiyarsu.

Ba ta yarda a kunna wuta sai an gama komai. Za ta feraye karan kamar mai ferayar rake, ta yi ta cire fararen jijiyoyin da ke ƙarƙashin ɓawon har sai koren tsokar ta bayyana tana sheƙi, domin jijiya ɗaya tak da ta rage ta isa ta ɓata loma. Sai ta yanka shi a karkace, fale-fale, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa, ta barbaɗa gishiri kaɗan ta ajiye shi minti 10 ya tsane ruwa. Na taɓa tambayarta dalilin wannan ƙaƙale. Ta ce, "Yarinya, wuta ba ta jiran kowa. Mai kauri zai fito ɗanye, siririn kuma ya narke."

Abokiyar tafiyar wosun a kasko ita ce wata baƙar laimar kwaɗi irin wadda ake ci, mu'er, mai tsirowa a jikin itace. A bushe ake sayar da ita. 'Yar kaɗan za ka jiƙa a ruwan sanyi ta kumbura ta cika kwano. A nan Ayi ba ta da sassauci: awa ɗaya zuwa biyu ya wadatar, ba a barinta ta kwana a ruwa, musamman lokacin zafi, saboda akwai ƙwayar cutar da kan hayayyafa a cikinta ta fitar da guba wadda dafuwa ba ta kashewa. An sha rasa rayuka a Sin ta wannan hanya. Ayi tana kuma tafasa laimar minti biyu kafin ta kai ta kasko.

Suyar kanta ba ta wuce minti uku. Kasko ya yi zafi har ya soma hayaƙi, a zuba mai, a jefa tafarnuwa da busasshen barkono, ƙamshi na tashi sai karan latas ya biyo, sai laimar, hannu kuma ba ya hutawa da juyi. Ba a rufewa, ba a cika kaskon, in ba haka ba kayan su saki ruwa suya ta koma dafuwa. Wasu gidajen abinci kan sa giyar shinkafa ko kitsen alade, shi ya sa Musulmi ke neman shagunan da ke da alamar halal. Ayi kuwa gishiri da ɗigon ruwan waken suya sun ishe ta.

Ni na taso ne a gidan da miya ba ta amsa sunanta sai ta daɗe a kan murhu, kuma har gobe ina son miyar taushe haka. Amma a gaban kaskon nan na gane cewa muna yi wa wasu kayan lambu rashin adalci, mukan dafa kabeji da karas har su rasa launi da garɗinsu, sannan mu nemi ɗanɗano a wurin magi. Wosun yana da wani ɗanɗano mai sanyi, a hankali yake fitowa, kayan yaji masu yawa kuwa danne shi suke yi.

Tun da na dawo gida ban ga wosun a kasuwa ba. Koren wake da tattasai nake yi wa irin wannan suya, wani lokaci har da zuciyar kabejin nan da aka saba zubarwa, wadda idan an feraye ta da kyau ita ce ta fi kusa da shi a baki.